Makiyayi a Gonar Kankana

Gaɓar Kogin Buyant,
24 ga Mayu

Zuwa ga tsohuwata Pagma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Ulanbatar lafiya, kin kuma warware gajiyar kwana uku a bayan mota. Yaya jikin 'yarmu Udbal? Kumburin ƙafar ya sauka? Ki gaishe ta da mijinta, ki ce mata tunda cikin fari ne ta daina taurin kai, ta kwanta kamar yadda likita ya ce. Ni lafiyata ƙalau, sai dai shayin da nake dafawa ko kare ba zai sha ba. Yau gishiri ya yi yawa, gobe madara ta ƙone.

Kuɗin agajin sun zo. Ranar Litinin aka kira mu ofishin gunduma, mu duka waɗanda babban sanyin bara waccan ya share wa garke. Na zaci za a zaunar da mu a yi mana dogon jawabi, a ce ga abin da za mu saya. Ashe wata yarinya ce kawai a bayan tebur. Ta duba sunanmu, na sa hannu, ta miƙo. Na ce, "'Yata, me aka ce a yi da su?" Ta ce, "Baba, naku ne. Ku kuka san inda yake muku ciwo." Na tsaya ina jiran sauran maganar, sai ta ce na bayana ya matso.

Ba zan ɓoye miki ba, daga can ban nufi rumfar masu injin ban ruwa ba. Ƙafata ce ta kai ni kasuwar dabbobi. Rabin mutanen da muka yi layi tare suna wurin, kowa da igiya a hannu. Akwai wata akuya mai ruwan toka, 'yar shekara biyu. Na buɗe bakinta na duba haƙora, na cusa yatsu cikin gashinta, laushi sai ka ce auduga. Tun hantsi nake tsaye kanta har rana ta karkata. Mai ita ya gaji ya ce, "Yaya, ko ka saya ko ka aure ta, ka hana baiwar Allahn nan cin abinci." Na kai hannu ƙirjin riga inda kuɗin suke. Sai na ji muryarki kamar ranar da kike hawa motar Gombo direba: "Tsoho, in kuɗin nan suka zo, inji. Ka ji ni? Inji. Kada ka sayo mini abin da yake numfashi." Na saki akuyar mutane na wuce.

Injin ja ne, ɗan China, bai kai ɗan maraƙi girma ba. Na haɗa da dogon tiyo da jarkar fetur, sauran na sayi irin kankana da na dankali da buhun fulawa. Da na sauke shi a gona, maƙwabciyarmu Inna Kulash ta hauro daga tata gonar tana dogara sanda, ta zagaya shi sau biyu ta ce, "To makiyayi, wannan namiji ne ko mace?" Na ce, "Inna, sai ya haihu mu gani." Ta ce, "Shekara hamsin ina noman kankana da shebur, ban taɓa ganin ruwa ya hau tudu ba. Ja mu gani."

Sau tara ina jan igiya. A na goma ya yi tari, ya kama. Tiyon ya kumbura yana mutsu-mutsu, sai ga ruwa a kan tudun nan namu da aka ba mu don babu mai so, inda hanyar ruwan kowa take wucewa ta ƙasa kamar ba ta san da zamanmu ba. Na tuna bara, daga safe har yamma muna hauro da bokiti, ke kina rataye naki a gwiwar hannu, ƙarshe muka tashi da dankalin da bai cika buhu biyu ba. Abin da muke yi a kwana uku, wannan abu ya gama shi kafin rana ta yi tsaka.

Ya kamata in ce miki na yi murna. Na yi. Amma da aikin ya ƙare sai na rasa inda zan sa kaina. Shekara arba'in ban taɓa wuce wata biyu a wuri ɗaya ba, yanzu wata goma sha huɗu ke nan kullum na buɗe ƙofa itacen nan guda nake gani. Shekaranjiya na kwance tantinmu kaf, na ɗauke shi daga gabashin gonar na kafa a yamma. Taku sittin. Inna Kulash ta ɗago murya daga ƙasa, "An sauka lafiya? Yaya ciyawar can?" Na ci gaba da ɗaure igiyoyin tantin.

Ki rubuto. Ki kula da kanki, ki riƙa cin nama.

Naki,
Damdin

Gaɓar Kogin Buyant,
27 ga Yuni

Zuwa ga tsohuwata Pagma,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, zafin birni bai takura miki ba. Yaya Udbal da nauyin jiki? Saƙonki ya iso ta hannun Gombo, da rubutun Udbal, layi uku: kin ji, kin gode, kada in bar inji babu baƙin mai. Na juya takardar ko akwai wani abu a baya. Babu. To, ni ma na gode.

Kankana ta fito, har ta fara yaɗo. Saura kaɗan in kashe ta da alheri. Ni a sanina, in ka kai dabba bakin ruwa sai ka bar ta ta sha ta ƙoshi, don haka kullum nake sakar mata ruwa har ganyen ya fara komawa rawaya. Inna Kulash ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Kai makiyayi, kankana ka shuka ko kifi?" Ta kama hannuna ta tura yatsana cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. "In nan da danshi, ka rabu da ita. In ya bushe, ka ba ta. Ba ta da baki, ba za ta yi maka kuka kamar tunkiya ba. Kai ne za ka zo ka tambaye ta, kowace safiya." Kowace safiya, Pagma. Tunkiya ko banza tana tafiya, kana bin ta. Wannan tana kwance wuri ɗaya, ta kuma kwantar da mutum.

Sauro ya yi yawa a bakin kogi, fuskata ta kumbura har ba za ki gane ni ba. Wannan ba ya damuna. Abin da yake damuna hanya ce. Tun farkon wata masu garke suke wucewa ta bayan gonarmu, suna haurawa tsaunukan Altai. Raƙuma da kaya, mata a kan dawaki, ƙura ta tashi, karnuka na haushi. Da na ji su sai in ajiye shebur in je in tsaya bakin shinge kamar maraya. Wani dattijo da ban sani ba ya ja linzami ya gaishe ni yadda aka saba, "Lafiya? Dabbobi sun yi ƙiba?" Sai ya ga kunyoyin kankana a bayana, kunya ta kama shi, ya kaɗa dokinsa. Ranar ban iya cin abinci ba. Na sake matsar da tantin, wannan karon arewa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Kin tuna Jamsran Mai Dubu, wanda ya sayi ciyawa da mota lokacin sanyin, garkensa ya tsira? Ranar Asabar ya tsayar da jif ɗinsa a ƙofarmu. Na yi masa shayi, muka yi musayar battar taba ta gaisuwa, ya dube ni tun daga takalmi mai laka har hula ya ce, "Damdin ƙanena, kai ne wannan? Mutumin da yake gane gurguwar tunkiya a cikin ɗari biyar daga kan doki, yau kai ne kake durƙusa wa ganye?" Na yi dariyar yaƙe.

Ya ce makiyayinsa na kan dutse zai bar aiki ya koma birni. Tumaki da awaki ɗari biyar ba su da mai duba su. In na karɓa, cikin 'ya'yan da za a haifa ina da rabo, shekara uku na tayar da garke nawa na kaina. Har injin ma ya ce zai karɓa ya sa a rijiyarsa, ya ba ni doki da sirdi. Ya ce, "Kuɗin agajin nan an ba ku ne ku koma mutane, ba ku koma tsutsar ƙasa ba." Ya ba ni zuwa bayan bikin kokawa in yi tunani.

Ban ce masa e ba. Ki rubuta wannan ki ajiye. Sai dai ban ce masa a'a ba. Tun ranar, in na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi. Jiya na kunna inji na manta da shi har ruwa ya karya kunya biyu, ina can ina kallon dutse.

Ki gaya mini abin da kika gani. Ko faɗa ne ki yi, ya fi mini layi uku.

Naki,
Damdin

Gaɓar Kogin Buyant,
24 ga Yuli

Pagma,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Udbal, da fatan kuna lafiya. Kada ki ba ta ta karanta miki wannan. Ki sa madubin idonki ki karanta da kanki, a hankali, in kin samu wurin zama.

Na je.

Washegarin biki Jamsran ya aiko mini da doki. Na ce wa kaina kwana biyu ne, in gani da idona in dawo, ai gani ba karɓa ba ne. Na cika gonar da ruwa. Na kwance fulogin injin na jefa a ƙirjin riga, don kada wani ya zo ya taɓa mana kaya. Ban yi wa Inna Kulash sallama ba, saboda na san abin da bakinta zai faɗa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Da na hau sirdin nan, bayana da yake ciwo tun bara ya daina. Na yi waƙa da ƙarfi a cikin kwari, babu kowa sai ni da shaho. Da na hango garken a gefen dutse, fari fat kamar an zubar da shinkafa, sai da na sauka na zauna a ƙasa. Kwana biyu suka wuce. Rana ta uku na ce sai na ga mashaya. Ta huɗu ana askin tumaki, na ce ba zan tafi in bar mutane da aiki ba. Kullum da dalilina.

Rana ta biyar da sassafe muna tsaye da Jamsran, matar makiyayin da zai tafi tana tatsar awaki. An ɗaure su kai da kai, dogon layi, raɓa ta daskare a kan ciyawa, ita kuma tana tsugune tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana hura wa hannunta iska. Jamsran ya nuna ta da bulala ya ce, "Ka ga rabon matar gida ke nan. Awaki tamanin, safe da yamma. Pagma za ta iya kuwa? An ce mini hannun nata..." Sai ya ɗaga nasa hannun na dama ya lanƙwashe yatsu uku.

Pagma, wata guda ina juya maganar nan a raina. Na auna ciyawa, na auna ruwa, na zaɓi har inda zan kafa tanti da inda zan ɗaure doki. Ko sau ɗaya ban tuna da hannunki ba. Sai da wani ƙato ya nuna mini da nasa.

Na tsaya ina kallon matar nan, abin da nake gani kuma daban. Ranar guguwar, ni na bi tumakin da iska ta kora, ke na bar ki da masu ciki. Kika cire safar hannu don igiyar garken ta daskare ba ta kwantuwa, kika yi ta jan 'yan raguna kina shigar da su tanti har kika daina jin yatsunki. Na dawo babu tumaki. 'Yan ragunan ma ba su kai mako ba. Da likita ya yanke yatsun, abin da na ce miki a bakin gado shi ne, "Ko guda ashirin da sun rage, da mun tashi." Shekara ɗaya da rabi ina makokin dabbobi, ina kiran su da kamanninsu, kina zuba mini shayi da hagu kina saurare. Ban taɓa tambayar ki ko yana miki ciwo in sanyi ya shigo ba. Da kika ce kada in sayo abin da yake numfashi, na ɗauka tsoro ne irin na wanda ya taɓa asara. Ban gane cewa duk abin da na sayo, hannunki ne zai ɗauke shi ba.

Jamsran ya ce, "Ba komai, sai ka ɗauko wata 'yar dangi ta riƙa tatsa, ita ta zauna ta dafa shayi." Na kai hannu ƙirji zan ɗauko battar taba don in samu abin yi, sai yatsana ya taɓa ƙarfe mai sanyi. Fulogin. Ko shayin safe ban tsaya sha ba.

Kwana ɗaya da wuni na yi a hanya. Tun daga gada na ji iskar, mai zafi kamar daga bakin murhu, aka ce mini kwana uku ke nan tana busawa. Kunyoyin sama duka sun tafi. Ganye ya murƙushe, 'ya'yan da suka kai dunƙulen hannu sun yamutse sun yi laushi. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ke nan. Na ƙasa suna da rai, a gindin kowace akwai ɗan da'irar danshi, irin na bokiti.

Na sami Inna Kulash kwance a rumfar gonarta, an ɗaure mata ƙugu da gyale. Ashe tun rana ta uku ta hauro, ta yi ta jan igiyar injin har tafin hannunta ya fashe, sai da wani mai babur ya duba ya ce mata babu fulogi. Tsohuwa mai shekara saba'in, ta koma ɗaukar bokiti tana hawa tudunmu har bayanta ya riƙe. Na durƙusa a bakin rumfar. Ta daɗe ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ka hau dokin mutane ka tafi, na gane. Ka tafi ba sallama, wannan ma na gane. Amma ɗan ƙarfen nan, me ya yi maka da za ka kai shi kiwo?" Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Wallahi ba don kai na yi ba. Matarka ta zauna a nan ta sha shayina ta ce in sa wa gonar ido. Tashi ka ba ni wuri, ƙasa tana jiran ka."

Na mayar wa Jamsran dokinsa, na ce a gaya masa ya nemi wani. Wannan karon a'a na ce ƙarara. Na san ya zo a makare.

Abin da na yi ke nan, ban rage komai ba.

Damdin

Gaɓar Kogin Buyant,
16 ga Agusta

Zuwa ga Pagma,

Gaisuwa da fatan alheri. Barka, barka da arziki. A bakin Gombo na ji, yana sauke buhunan gishiri ya ce, "Af, Yaya Damdin, ashe ka zama kaka? Mace ce, an ce da ƙatuwar murya." Na ce e, na sani. Ban sani ba. Na tambaye shi ko akwai takarda, ya lalube aljihunsa duka biyu don ya faranta mini, babu. Yaya mai jego? Yaya jaririyar, tana kama nono? Ke fa, kina samun barci?

Ban ga laifinki ba. Amma sau biyu ke nan motar tana zuwa babu saƙonki.

Kogi ya ja baya sosai. Tun farkon wata ruwa ya daina shiga hanyar da take ba gonakin ƙasa, ta bushe har ta tsage. Waɗanda tun bara suke mana kallon 'yan tudu, yanzu su ne suke tsaye da shebur babu abin tarewa. Ruwan yana nan a tsakiyar kogi, sai dai ba ya hawa da kansa. Na ari amalanke na ɗora injin da tiyo, na tura shi gonar Inna Kulash ban tambaye ta ba. Tana kwance tana jin ƙararsa har ruwa ya kai kunyar ƙarshe. Sannan ta ce, "Ashe mace ce. Ga shi ta haihu." Ta sa aka kawo mini shayi da soyayyen burodi. Ranar ce ta fara yi mini magana kamar mutum.

Daga nan sai abin ya zama aiki. Washegari masu gonar kabeji suka zo, jibi wasu. Akwai gida huɗu irinmu da suka sayi awaki da nasu kuɗin, suna kallon dankalinsu yana mutuwa. Ban yi musu gori ba, wa ya kai ni sanin yadda akuya take kama zuciya. Kowa yana kawo fetur ɗinsa, wani ya haɗa da cinyar rago, wani busasshen cuku. Da asuba nake fara tambayar tamu gonar da yatsa, in ba ta abin da take so, sannan in ɗora inji in kama gaɓar kogi. Yau nan, gobe can, har gona goma sha ɗaya. Sun sa mini suna makiyayin inji. In na wuce sai su ce, "Dabba ta yi ƙiba?" Ni kuma in ce, "Tana tari da safe, amma tana ci."

Ƙafafuna sun samu abin da suke so, da yamma ko takalmi ba na iya cirewa. Tun da na dawo ban sake taɓa tantin ba. Amma ƙirjina bai zauna ba. In na ji ƙarar mota a kan gada sai in bar tiyo yana zuba in fita hanya. Ina ta tunanin ko kin ga ɗaki mai ɗumi da ruwan famfo da jika a cinya, kin ce me zan koma in yi wa wancan tsohon. In haka ne ki faɗa mini. Ba zan yi gardama ba, amma ki faɗa.

Kankanar da ta tsira ta kai kan mutum girma. Inna ta ce saura mako biyu. Tana koya mini ƙwanƙwasawa, har yanzu duk ƙararsu ɗaya nake ji.

Ko kalma ɗaya, Pagma.

Naki,
Damdin

Gaɓar Kogin Buyant,
5 ga Satumba

Zuwa ga tsohuwata Pagma,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaishe da Udbal da mijinta da 'yar ƙaramar Yanjin. Sunan ya yi mini daɗi, ina ta faɗin sa ni kaɗai a gona.

Takardarki ta zo. Da na ga rubutun a karkace, harafi yana hawa kan harafi, na gane da kanki kika yi, da hagu. Gombo ya ce mako uku kika yi kina yi kina yagawa. A tsaye na karanta a bakin mota, na koma tanti na sake karantawa, yanzu na haddace.

Kin ce, "Na san za ka je. Da ba ka je ba, da zan ƙare rayuwata ina jiran ranar da za ka je." Wannan na ɗauka. Wanda ya kayar da ni shi ne na gaba: "Kai a zatonka ni son kankana nake yi? Nan gidan Udbal, in na yi wa jaririya wanka sai in sauka in yi ta zagaya unguwa har ƙafata ta gaji, masu shago sun ɗauka hankalina ya taɓu. Bango huɗu yana shaƙe ni. In na rufe ido raƙuma nake gani da kaya. Na zaɓi inji ne don shi kaɗai ne ba zai mutu a hannuna ba." Shekara ashirin da bakwai muna kwana tanti ɗaya, ina ganin ni kaɗai ne hanya take kira.

Ga labarin gona a taƙaice. Mun yanke kankana ranar Talata. Inna Kulash ta zauna a kan buhu tana nunawa da sanda, wannan e, waccan a bar ta. Ta farko da ta fasa ja ce har bakin ɓawo, ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, ga makiyayi." Masu mota daga garin Hobdo sun kwashe mafi yawa a nan bakin gona, ko kasuwa ban kai ba. Za mu ci sanyin bana da fulawarmu da namanmu, ga irin baɗi na ware, dankali kuma yana ƙasa sai kin zo mu haƙa tare. Na ba Gombo guda shida a cikin ciyawa, ki tabbata shida ya sauke, na san shi. Ki ba Udbal ta sha sosai.

Sai maganarki ta ƙarshe, da kika ce in an gama kwashe amfani in samo dawaki biyu mu hau dutse kwana uku, ni da ke kawai, babu tunkiya babu akuya, mu dafa shayi inda muka ga dama mu dawo. Na samo. Surukin Inna ne ya ba mu aro. Naki fari ne, mai sanyin hali, na hau shi jiya na gwada har gada. Inji zai zauna wurin Inna, na koya wa mai gonar kabeji tayar da shi.

Gombo ya ce zai taso da ke ranar Talata ta sama. Ki sa babbar rigarki a saman kaya, can sama an fara sanyi. Kada ki bari ya wuce da ke cikin gari, ki ce ya sauke ki a gada. Na san sai Juma'a motar za ta iso, amma ni tun Laraba ina wurin.

Tsohonki,
Damdin